Kunnen da Ya Sha Tishe: Tarihin Gasar Masu Rediyon Sha'awa da Rabonmu a Cikinta



A watan Fabrairun 2024 shabakar waya ta ɗauke a kusan duk faɗin Sudan. Kowa ya san inda yake a ranar. Ni da aikina shi ne rubuta wa dattijonmu wasiƙu da isar da saƙonsa ga jama'a, sai na wayi gari da waya a hannu kamar na riƙe ɓawon kwakwa. Da dare ya yi aka lalubo wata tsohuwar rediyo daga ƙasan akwati, aka sa mata batir. Samari uku suka yi ta murɗa ta, ba abin da ke fita sai shuuu da ƙara. Wani tsoho da idonsa ma ba ya ganin lambobin ya ce a miƙo masa. Ya zare eriya, ya ɗaura mata guntuwar waya ya rataya a reshen dalbejiya, ya kanga kunne, yana matsa allurar kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro. Ba a yi minti biyu ba muryar mai labarai ta fito. Mu muna jin rabi, shi yana jin duka, yana maimaita mana.

Tun daga wannan dare nake tambayar kaina inda wannan kunne ya samo asali. Bin sawun tambayar ne ya kai ni ga tarihin wasu mutane da suka mayar da irin wannan saurare ilimi mai darajoji da ijaza da musabaƙa. Da Larabci ana ce musu huwatul lasilki. Mu sai mu ce masu rediyon sha'awa: mutanen da hukumar ƙasarsu ta jarraba ta ba su lasisi da lambar kira, suke magana da juna ta na'urar oba-oba daga ɗakunansu, ba don ciniki ba kuma ba don albashi ba.

A Disamban 1901, shekara biyu kafin yaƙin Burmi da ya zama sanadin hijirar kakannin da yawa daga cikinmu, Markoni ya ba da sanarwar cewa ya ji alamar da aka bugo daga Ingila alhali yana gaɓar Kanada. Nan da nan samari a Amurka da Turai suka shiga ƙera nasu na'urorin a gida, har hayaniyarsu ta fara damun jiragen ruwa. A 1912 gwamnatin Amurka ta yi doka ta kore su zuwa zangon mita 200 da abin da ya gaza haka, domin masanan lokacin sun ɗauka gajeren zango juji ne, saƙo ba ya nisa a kansa. Korarrun ba su watse ba. A 1914 Hiram Percy Maxim ya kafa musu ƙungiyar ARRL a garin Hartford, suka riƙa miƙa saƙo daga tasha zuwa tasha kamar yadda fatake ke miƙa wasiƙa daga zango zuwa zango. A Disamban 1921 suka tura wani mai suna Paul Godley zuwa Ardrossan a Sukotland, ya kafa tanti cikin sanyi da ruwa, ya ji tashoshin 'yan'uwansa fiye da 20 daga hayin tekun Atilantika. A ƙarshen Nuwamban 1923 Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa ya yi magana, kai da komowa, da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, a kan zangon da bai wuce mita 100 da 'yan kai ba. Ashe jujin nan taska ce. Ba su kaɗai suka tono ta ba, domin injiniyoyin Markoni ma suna nasu gwajin a waɗannan shekaru, amma yawansu da nacinsu ne suka nuna wa duniya cewa ƙaramar na'ura tana iya tsallake teku. A 1932 BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka a kan wannan gajeren zango.

Sirrin abin yana sama. Akwai wani rufi na iska, daga kimanin kilomita 100 zuwa 400 a bisa kanmu, wanda hasken rana ke canza yanayinsa har ya riƙa dawo da saƙon rediyo ƙasa kamar yadda bango ke dawo da ƙwallo. Rufin nan ba ya zama a hali ɗaya. Na rana daban, na dare daban, na damina da na hunturu daban, kuma ita ranar kanta tana da zagaye na kimanin shekara 11 da ƙarfinta ke hawa ya sauka. Shi ya sa tsohonmu ya san cewa da dare mita 49 da 41 ake nema, da rana kuwa mita 19 da 16. Ba littafi ya koya masa ba, shekaru ne.

Da tsallake teku ya zama ruwan dare, sai aka shiga neman abin da za a auna gwaninta da shi. An kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Paris a Afrilun 1925, kuma tun daga 1926 ake ba da takardar shaida ga wanda ya gaisa da kowace nahiya. A Oktoban 1935 Clinton DeSoto ya rubuta maƙala a mujallar QST a kan yadda ya kamata a ƙidaya ƙasashe, daga nan aka haifi shaidar DXCC a 1937, wadda har yau ita ce uwar shaidu: sai mutum ya tabbatar ya yi magana da ƙasa 100. Bayan yaƙin duniya na biyu aka share lissafin kowa, aka fara sabo daga 15 ga Nuwamba 1945. A yau jerin ya kai 340, domin ana ƙidaya tsibirai masu nisa da wasu yankuna a matsayin ƙasa mai zaman kanta, ko da babu kowa a cikinsu sai tsuntsayen teku. Wanda ya samu 331 ana sa sunansa a jerin girmamawa. Akwai waɗanda suka shafe shekaru masu yawa suna jiran Koriya ta Arewa kaɗai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne cewa ba a karɓar da'awa. Idan ka ce ka yi magana da Japan, sai mutumin Japan ɗin ya aiko maka da kati, wanda suke kira QSL, ɗauke da lambarka da rana da sa'a da zango. Sannan a kai katunan ga amintaccen mai dubawa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san wannan tsari: ba kai ke cewa ka karanta littafi ba, wanda ya karantar da kai ne ke rubuta maka ijaza, a kuma san daga wa shi ma ya karɓa. Tun 2003 an samar da rajista ta intanet wadda ke haɗa bayanan ɓangarorin biyu, amma ƙa'idar ba ta canza ba: sai shaida biyu sun dace.

Neman shaida makarantar haƙuri ce. Gasa kuwa makarantar sauri ce da daidaito, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Babbar gasarsu ita ce wadda mujallar CQ ta fara a 1948. Ana yin ta murya a Asabar da Lahadin ƙarshe na Oktoba, ta bugun Mos kuma a na ƙarshen Nuwamba, sa'a 48 kowacce ba tsayawa. An raba duniya shiyya 40. Sudan da Masar da Libiya suna shiyya ta 34, Nijeriya da Nijar suna ta 35. Gaisawar ba ta wuce daƙiƙa kaɗan: lambar kira, ƙarfin sauti, lambar shiyya, sai na gaba. Gaisawa da wata nahiya maki 3 ce, da maƙwabciyar ƙasa a nahiyarku maki 1, sannan a ninka jimillar da adadin ƙasashe da shiyyoyin da aka samu a kowane zango daga cikin shida: mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10. Saboda wannan lissafi ne manyan 'yan gasa ke tururuwa zuwa Maroko da tsibiran Kanari da Kef Bad, domin suna cikin Afirka amma Turai na bakin ƙofa, kowane Bature maki 3 ne. Gwani kan gaisa da tasha sama da 200 a sa'a guda.

Wanda ya ji wannan daga nesa zai ce wasan yara ne. Amma a duba abin da ake buƙata kafin a iya shi. Mutum 50 suna kiranka lokaci guda a wuri ɗaya, kowa na ambaton lambarsa, ga tsawar damina, ga tashar da ke gefenka tana malalowa cikin taka. Dole ka tsamo lamba ɗaya cikakkiya, ka rubuta ta daidai, ka amsa, alhali kunnenka ya riga ya kama rabin ta biyu. Dole ka san sa'ar da hanyar Asiya za ta buɗe da sa'ar da za ta rufe, ka yanke hukuncin barin zangon da ke ba ka riba yanzu domin wata shiyya da ba za ta sake bayyana ba. Idan eriya ta faɗi da tsakar dare, kai ne maƙerinta. Kuma duk wannan a kan barcin da bai kai sa'a huɗu ba.

Bayan an tashi, kowa yana da ɗan gajeren wa'adi ya aika littafin rajistarsa. Kwamfuta ta gwama dubban littattafan nan da juna, layi da layi. Wanda ya rubuta harafi ɗaya ba daidai ba, a soke masa wannan gaisawar, a kuma ci shi tarar ƙarin maki. Sannan a aika wa kowa takardar kurakuransa shi kaɗai: ga inda ka ji B alhali D aka ce, ga wanda ka rubuta amma shi bai rubuta ka ba. Da na karanta wannan sai na tuna zaman darasu a tsangaya, inda gardi ke kawo satunsa a gaban alaramma da sauran mahaddata, a bi allon wasali da wasali, duk inda ya zame a ja masa layi a bainar jama'a. Ba mai jin daɗin wannan zama. Amma ban taɓa ganin wanda ya zama gwani ba tare da ya sha shi ba. Maimaici kaɗai ba ya gyara mutum, domin mai maimaita kuskure ƙara kafa shi yake yi. Sai an haɗa maimaici da wanda zai nuna maka inda ka zame, da kuma wata rana sananniya da za a sake gwada ka. Abin da gasar ta tanadar musu ke nan, shekara bayan shekara.

Hatta yadda suke koyon bugun Mos akwai abin lura. Mos harshe ne na gajeren sauti da dogo, irin na tangarahun da. Wanda ya fara da ƙidaya ɗigo da layi a zuciyarsa yakan cije a wajen kalma 10 a minti, ya kasa gaba, domin lissafi ba ya iya bin saurin kunne. A shekarun 1930 wani masanin halayyar ɗan'adam Bajamushe, Ludwig Koch, ya nuna wata hanya: a fara da harafi biyu kacal, amma da cikakken sauri, har kunne ya san kowanne da amonsa kamar muryar ɗan'uwa. Idan ɗalibi yana samun kashi 90 cikin 100 daidai, a ƙara masa harafi ɗaya. 'Yan gasa na yau suna aiki da kalma 30 zuwa 40 a minti. Yau da gobe, in ji magabata, shi ya sa allura ginin rijiya. Tun 2003 dokar duniya ta daina wajabta jarrabawar Mos ga mai neman lasisi, amma gasarsa ba ta mutu ba, domin ɗan siririn sautin nan yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa.

Ba zan ɓoye aibinsu ba. A gasa kowa yana ce wa kowa sautinsa 59 ne, wato tangaram, ko da sai da ya sa shi ya maimaita sau huɗu kafin ya ji. Sun ce al'ada ce don sauri, kowa ya san ba a nufin zahirinta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da shaidar da aka san ba gaskiya ba ce tun kafin a furta ta. Sannan harka ce da mai kuɗi ke da rinjaye: mai hasumiyar ƙarfe da eriya goma ba ɗaya yake da mai waya a reshen bishiya ba, duk da an raba su aji-aji gwargwadon ƙarfin na'ura. Ana kama masu ha'inci da ke ƙara wuta fiye da ƙa'ida a kore su. Kuma tun 2017, da Joe Taylor, wanda ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 1993, da abokin aikinsa Steve Franke suka fito da tsarin FT8, kwamfuta ke jin abin da kunne ba ya ji, har wasu suka cika ƙasa 100 cikin 'yan watanni. Dattawansu suna gunaguni cewa an samu ijaza ba a yi karatu ba. Ina ganin suna da hujja.

Ina Sudan a wannan tarihi? Lambobin kiranta suna farawa da ST, kamar yadda na Nijeriya ke farawa da 5N, na Nijar da 5U. Masu lasisi a ƙasar nan ba su taɓa yawa ba, saboda haka duk ranar da tashar ST ta fito sai duniya ta yi mata caa. Akwai wani abin da ya sosa mini rai. Daga 1972, shekarar yarjejeniyar Addis Ababa, har zuwa ƙarshen 1994, masu wannan lissafi suna ƙidaya Kudancin Sudan dabam, daga baya suka cire shi. Da Kudu ta ɓalle a 9 ga Yuli 2011, ba a yi mako guda ba aka mayar da ita jerin, kuma kafin watan ya ƙare wata tawaga daga ƙasashe da yawa ta sauka Juba da lambar ST0R, ta yi gaisawa fiye da 100,000. Ranar da mu muke kallon taswirar ƙasarmu ta tsage biyu, wasu a can suna murnar samun sabon gurbi a takardar shaida. Ba da mugunta suka yi ba, amma haka abin yake.

Duk da haka, ranar amfanin wasan takan zo. Tun 1933 suke da wata gasa a Amurka a watan Yuni wadda ake fita daji, a kafa tasha cikin tanti da batir ko janareta, musamman don a saba da aiki ranar da babu lantarki. A Disamban 2004 wata tawagar Indiyawa ƙarƙashin jagorancin wata mata, Bharathi Prasad, ta je Port Blair a tsibiran Andaman, ba don komai ba sai don ta bai wa masu farautar shaida wata ƙasa da suka daɗe suna nema. Ranar 26 ga watan girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka afka wa yankin, layukan waya suka yanke. Nan take suka ajiye wasa suka koma isar da saƙonnin hukuma da na iyalai tsakanin tsibiran da babban yankin Indiya. Hannun da ya saba rubuta lamba daidai cikin hayaniya shi ne ya rubuta sunayen waɗanda suka tsira.

Mu koma gida. Tun da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa garinsa a bakin kogin nan wajen 1906, labarin Yamma ba ya iso mana sai a bakin alhazai masu tafiyar ƙasa, bayan watanni ko shekaru. Rediyon Umdurman ya fara a 1940, amma da Larabci. Sai a 13 ga Maris 1957 BBC ta buɗe Sashen Hausa, Rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Waɗannan shirye-shirye ba don mu aka yi su ba. Tsakaninmu da Kano akwai fiye da kilomita 2,500, ragowar murya ce ke iso mana. Iyayenmu suka koyi farautarta. Na tashi na ga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana neman Kaduna a mita 49 bayan isha'i, rediyon naɗe cikin rigar da aka ɗinka mata, yara kuwa an hana mu ko tari. Wata rana ya samu, wata rana iska ta hana. A majalisa akan san wanda rediyonsa ke kamawa, da wanda hannunsa ne ke kamawa ko da rediyon aro ce, kuma na biyun ake girmamawa. Wanda ya aika wasiƙa aka karanta sunansa da sunan garinsa a Zaɓi Sonka ko Amsoshin Takardunku, wannan ita ce takardar shaidarsa, ana ba da labarinta shekara da shekaru. Ba su san DXCC ba, amma rabin wannan ilimi, rabin saurare, sun riƙe shi da kyau. Da shi kuma Hausar da yawa daga cikinmu ta tsira daga narkewa.

Waya ta zo muka saki wannan rabin ma. Sai ga shi an koma. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023 bayan shekara 85, amma da yaƙi ya ɓarke a Afrilu, a farkon Mayu ta buɗe shiri na gaggawa don Sudan a gajeren zango. Rediyo Dabanga, da ke watsawa a gajeren zango tun 2008, ya zama abin dogaron mutane da yawa. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024 jama'a suka bazu ta Dindir zuwa Gadarif, wasu da ƙafa cikin damina, iyalai suka rabu, har sojoji suka dawo garin a Nuwamba akwai uwar da ba ta san inda ɗanta yake ba. A waɗannan watanni mun iya jin Landan. Ba mu iya jin ƙauyen da ke hayin kogi ba.

Kada wani yaro ya karanta wannan ya je ya nemo oba-oba. Watsa saƙo ba da lasisin hukumar sadarwa ba laifi ne ko a lokacin zaman lafiya, a lokacin yaƙi kuwa yana iya cin ran mutum da na gidansu. Ranar neman lasisi sai ƙasa ta natsu, kuma ta ƙofar hukuma. Amma kowane gwani a tarihin nan da saurare ya fara. Littafi ɗaya na ɗalibai ya isa: rana, sa'a, mita, tashar da aka ji, ƙarfin sautin daga 1 zuwa 5, a faɗi gaskiya. Wanda ya yi haka wata uku zai fara ganin tsarin da tsohonmu ya haddace. Mai rediyon da ke da maɓallin SSB ya gwada tsakanin kilohaz 14,150 da 14,350 a Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba, ya ga lamba nawa zai iya tsamowa, sannan ya gwama littafinsa da na abokinsa. Wanda ba shi da ita, Jami'ar Twente ta ƙasar Holan tana da na'urar saurare a intanet wadda kowa ke iya murɗawa kyauta, in shabaka ta yarda.

Ina kuma roƙon duk wanda wata wasiƙa ko kati ko kalanda daga ɗaya daga cikin gidajen rediyon nan ta tsira a kayan mahaifinsa, ya ɗauki hotonta ya aiko wa shafin nan da sunan garin da shekarar. Tsohon da na ba ku labarinsa ya yarda zai zauna da yara ranar Alhamis bayan la'asar, amma ya ce kowa ya zo da batirinsa.